Zoɓo da kurkur sun kunyata ni a kan hoton wata Hajiya, me zan shafa launi ya zauna?

Mai Hoton Tudun Wada:

Assalamu alaikum. Na daɗe ina leƙen zauren nan ba na tofa komai, yau dai ruwa ya ƙare wa ɗan kada, dole na buɗe baki.

Shagon hoto gare ni a Tudun Wadar Kaduna, gadonsa na yi daga kawuna, Allah ya jiƙansa. A hannunsa na tashi, tun ina share shago ina riƙe masa fitila. Kowa ya san inda sana'ar nan ta kwana tun da waya ta shiga hannun kowa. In ka cire fasfo na 'yan makaranta da masu neman aiki, sai biki jefi-jefi, shi ma amarya ta fi son a tura mata ta WhatsApp da a wanke mata. To bara da damina rufin shagon ya fara yoyo, ina ja da kaya gefe na ci karo da wani akwatin ƙarfe na kawu. Ciki fim ne na da cunkus, da hotuna baƙi da fari na wajejen 1970 da wani abu, wasu an bi su da launi da hannu. Akwai na wata mata zaune ta ɗora hannu a kan rediyo, an shafa wa ɗankwalinta kore, an ɗiɗɗiga ja a furannin labulen da ke bayanta, fuskar kuwa ba a taɓa ba. Na fi awa guda riƙe da hoton nan. Koren yana nan raɗau kamar jiya aka sa.

Daga nan na ce ni ma sai na gwada. Fentin kanti ya fi ƙarfin aljihuna, kuma a gaskiya raina ya fi kwanciya da kayanmu na gida. Na dafa zoɓo ya yi kauri kirtif, na jiƙa kurkur a cikin sifirit, na kwaɓa lalle na tace, na haɗa da ruwan shayi mai ƙarfi. Har wani abu na gano da ya sa na ji kamar na zama malamin kimiyya: in ka ɗiga lemon tsami a zoɓo sai ya yi ja mai haske, in ka ɗiga ruwan kanwa sai ya juye ya yi wani kore-kore mai duhu. Kofi ɗaya, launi uku.

Takarda ce ta fara ba ni wahala. A kan mai sheƙi irin ta fasfo ruwan tsayawa yake yi ƙwaya-ƙwaya kamar a ganyen gwaza. Na buga a takarda ta gama-gari da firinta mai tawada, ina sa buroshi fuskar mutumin ta narke. Sai da na koma na yi fotokwafi a kan farin kwali sannan hoton ya tsaya, amma yana bushewa kwalin ya lanƙwashe kamar ganda.

Ana nan sai wata Hajiya, maƙwabciyar mahaifiyata, ta kawo hoton aurenta, shi kaɗai ya rage mata ita da marigayi maigidanta. Duk ya yi tabo, gefe ɗaya gara ta ci. Na ɗauke shi da kyamara, na gyara a kwamfuta, na fitar da shi babba a kwali, na zauna dare uku ina bin zaninta da zoɓo, hularsa da kurkur, bangon baya da shayi. Fuska ban taɓa ba, yadda na ga kawu ya yi, ni ma ina taka-tsantsan da wannan. Ranar da ta zo karɓa sai da ta share ƙwalla, ta yi ta sa min albarka har na ji nauyin karɓar kuɗi, amma dai na karɓa, naira 15,000 har da firem. Ta je ta rataye a falo, daidai inda rana ke faɗowa ta taga da hantsi.

Sati bakwai aka yi. Ran wata Asabar sai ga jikanta da hoton a leda. Zanin da na bari ja jawur ya koma kalar ruwan wanke-wanke, hular kuwa kamar ban taɓa bi ta kai ba. Saƙon da ta aiko shi ya fi ci min rai, don ba faɗa ta yi ba. Cewa ta yi a tambaye ni ko ita ce ta yi kuskure wajen goge gilashin.

Don Allah masu sani, me ake haɗawa da zoɓo ya zauna? Na ji an ce alif, gaskiya ne? Kuma me ya sa na kawu ya haura shekara 40 bai gushe ba, nawa ko wata biyu bai yi ba? Na yi wa Hajiya alkawarin sabo kafin azumi.

Tsohon Kakuri:

Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya jiƙan kawunka. Shekara 26 na yi a sashen zanen atamfa na wata masaƙa a Kakuri kafin a kulle ƙofa a sallame mu, don haka rigimar launi da rana na sha ta har na ƙoshi.

Bari na fara da abin da ba za ka so ji ba. Zoɓo ba zai zauna ba. Ko ka sa alif, ko ka shafa masa banish, ko ka tofa masa addu'a, watanni kawai za ka ƙara masa. Alif ɗin da ake sa wa ruwa ya kwanta yana taimaka wa rini ya kama zare kada wanki ya fitar da shi, wannan gaskiya ne. Amma naka ba wanki ne ya cinye shi ba, haske ne. Kurkur ma ya fi zoɓo raki. Lalle kuwa fata yake so da farce da gashi, a nan yake kamawa, a takarda baƙo ne.

Launi iri biyu ne, ka riƙe wannan. Akwai wanda ke narkewa a ruwa kamar sukari, shi ne rini, kuma na fure da 'ya'yan itace su suka fi saurin mutuwa a rana. Akwai kuma gari wanda ba ya narkewa ko ka kwana kana damawa, sai dai ka nemi abin da zai manna shi a takarda. Jar ƙasa, farar ƙasa, baƙin gawayi da na tukunya duk nan suke. Jan da ke cikin ƙasar nan tamu tsatsar ƙarfe ce, ta riga ta sha rana tun kafin a haifi kakanninmu, babu abin da tagar Hajiya za ta ƙara mata. In ka samu sarari ka je Arewa House a titin Rabah, gidan Sardauna na da, ka nemi a nuna maka tsofaffin rubuce-rubucen hannu da ke ajiye. Ka dubi baƙar tawadar da jan wasalin, sannan ka tuna zoɓonka.

Na kawunka kuwa kada ka ba shi girman da ya wuce nasa. Masu hoto na wancan zamani ruwan launi suke saya na musamman a 'yan kwalabe, kuma takardar hoto ta lokacin tana shan sa. Amma babban sirrin shi ne akwatin. Shekara 40 a cikin duhu ya yi. Fito da shi ka rataye a falon Hajiya ka gani.

Ga yadda za ka yi. Ɗebo jar ƙasa mai kyau, inda ake haƙar rijiya ko gefen sabuwar hanya da aka yanka, ba ta saman da aka tattake ba. Zuba a bokiti, cika da ruwa, dama sosai, ka ƙirga 30 yashi ya kwanta, sai ka tsiyaye jan ruwan sama a wani bokitin ta cikin ƙyalle. In ka taɓa ganin ana tace gasarar koko, to shi ke nan. Bar shi ya kwana. Da safe zubar da ruwan da ya yi garau, laushin da ya kwanta a ƙasa shi ne kayanka. Shanya a faranti, ya bushe, ka daka.

Sai ƙaro, irin wanda almajirai ke sa wa tawada, masu kayan koli suna da shi. Awo ɗaya na ƙaro, awo biyu na ruwan ɗumi, ya kwana ya narke, ka tace ɓawon da ƙasar. Ɗiga zuma kaɗan don kada ya tsage in ya bushe, jefa kanumfari biyu ko uku don kada ya yi tsami. Ɗora garin a kan tayil ko gilashi mai kauri, ɗiga ƙaron, ka niƙa da gindin kwalba har ka daina jin ƙaras-ƙaras. Nan ne ake gane mai haƙuri. Shafa kaɗan a takarda, in ya bushe goga da yatsa. In ya biyo yatsa ƙaro ya yi kaɗan, in yana ƙyalli yana tsattsagewa ya yi yawa.

Shuɗi kuma kada ka wahalar da kanka, garin bulu na fararen kaya yana jure rana ƙwarai. Abu ɗaya, ba ya shiri da tsami, ka nisanta shi da lemon nan naka.

Kwalin da ke lanƙwashewa, jiƙa shi gaba ɗaya tukuna, ka shimfiɗa a kan katako, ka manne gefuna huɗu da tef na takarda, ya bushe a miƙe kamar fatar ganga, sannan ka yi aikinka a kai. Kada ka cire sai komai ya bushe.

Kuma daga yau kowane launi ka haɗa, ja layi da shi a guntun takarda, rufe rabi da kwali, ka liƙa a taga wata guda. A masaƙa ba ma sakin zane kasuwa sai an gasa samfurinsa a haske an gani. Da ka yi wannan da ba ka kwana uku kana yi wa rana aiki ba.

Ɗan Kasuwar Barci:

Ni fa ban gane wannan wahalar ba, Allah. Oga kana da kwamfuta, akwai manhajar da za ka jefa mata hoto baƙi da fari ta fito maka da shi da kala cikin minti ɗaya, ka kai a wanke a leb, ka sa a firem, kowa ya huta. Ƙasa da ƙaro da gindin kwalba a wannan zamanin? Dare uku a kan 15,000, cire kuɗin firem ka ga abin da ya rage. Baba ku yi haƙuri, ba raini ba ne, lissafi nake.

'Yar Samaru:

Ɗan Kasuwar Barci, manhajar nan na gwada ta a hoton kakata, ta mayar mata da saƙi mai baƙi da fari ya zama wani ruwan hoda, ta kuma yi mata bilicin. Ba ta san zanin ba, ba ta san matar ba. Hajiya kuwa za ta iya zama kusa da Malam ta ce masa hular nan ruwan ƙwai ce, a Zariya aka saya. Abin da ake biya ke nan.

Malam mai tambaya, duk abin da Baba ya faɗa haka yake, ba ni da abin ƙarawa a kan ƙasa da ƙaro. Ni ta wani gefen zan zo. A sashen zane na jami'ar ABU Zariya na yi karatu, yanzu ina koyarwa a wata makarantar 'yan mata a nan cikin gari, kuma abin da ya kunyata ka ni da shi nake koya wa ɗalibaina hoto. Tunda rana tana cin kurkur, to a ba ta ta ci inda ake so. Shafa kurkur ɗinka na sifirit a takarda, ta bushe a ɗaki, ɗora ganyen zogale ko na gwanda a kai, danne da gilashi, ka ajiye a rana daga hantsi zuwa la'asar. Inda rana ta taɓa zai koɗe, inda ganye ya rufe zai zauna rawaya. Zuba masa ruwan kanwa tsararo, rawayar ta juye ta zama jan ƙasa-ƙasa, ganyen ya fito ɓaro-ɓaro. Hoto ne ba kyamara. Shi ma ba ya daɗewa a bango, sai dai a cikin littafi, ko ka ɗauke shi da kyamara tun yana sabo.

Wanda nake so ka gwada da gaske shi ne shuɗin hoto na rana, sayanotaif. Tsohuwar dabara ce, wani Bature ɗan Ingila, John Herschel, ya fito da ita a 1842, shekara ɗaya bayan haka wata mata, Anna Atkins, ta fara fitar da littafin ciyayin teku da ita, kuma hotunan nata suna nan har yau. Da ita magina suka daɗe suna kwafar zanen gini, shi ya sa tsofaffin taswirar gidaje suke shuɗaye. Gari biyu ake nema wurin masu sayar da kayan ɗakin gwaje-gwaje na makarantu. A jikin kwalba za ka ga an rubuta ferric ammonium citrate, ka ce mai kore kake so, ɗayan kuma potassium ferricyanide, ja ne, ƙwayoyinsa kamar na gishiri. Na farko giram 25 a ruwa mililita 100, na biyu giram 10 a ruwa mililita 100, kowanne da kwalbarsa, a ɓoye a duhu. Sai za ka yi aiki kake haɗa su daidai wa daida, iya wanda za ka shafa.

Da daddare nake shafawa a takarda mai kauri da soso, na bar ta ta bushe a cikin durowa. Launinta a lokacin kamar ɗanyen lemo. Kai da kake da kwamfuta aikin ya zo maka da sauƙi: juya hoton ya zama nagatif, baƙi ya koma fari, ka kai a buga maka a farar leda mai gani-har-hanji daidai girman da kake so, don yadda ledar take haka hoton zai fito, ba ya ƙaruwa. Kifa ta a kan takardar, gilashi a sama, katako a ƙasa, ka matse da abin shanya. A ranar Kaduna ta tsakar rana ni minti 8 zuwa 12 ke isata, in hazo ya sauko nakan ninka. Alamar ya nuna ita ce gefen da ba a rufe ba ya koma toka-toka mai ɗan ƙyalli, har ka ce ya lalace. Tsoma shi a baho. Wannan lokacin ne ɗalibaina ke ihu, don a gabanka rawayar ke fita shuɗi ya taso. Wanke har ruwan ya daina yin rawaya. Kashegari zai fi haka duhu.

Fim ɗin kawunka ma za ka iya ɗorawa kai tsaye, musamman manyan nan masu faɗi, ƙaramin hoto zai ba ka mai kyau. Amma ka tabbatar takardar ta bushe ƙayau, danshi kaɗan zai ɓata fim ɗin har abada. Ni da zan ba ka shawara, ka kwafe su tukuna.

Abokin gabarsa sabulu ne da toka da kanwa, suna cinye shuɗin. Ruwan wasu rijiyoyin burtsatse ma yana rage shi, nakan ɗiga ruwan khal kaɗan a bahon farko. Sai dai ita ma kanwar na mayar da ita 'yar aiki. In ba na son shuɗi, nakan tsoma hoton a ruwan kanwa mai rauni har ya kusa ɓacewa, na ɗauraye sosai, sannan na sa shi a ruwan bagaruwa da aka dafa aka tace. Bagaruwar majema dai da ka sani. Abin da ke cikinta mai jeme fata shi ke kama ƙarfen da ya rage a takardar, sai hoton ya dawo da launin makuba mai duhu, kamar wanda aka ɗauka zamanin Sardauna. A kan wannan in ka bi da jar ƙasar Baba, ba ƙaramin kyau yake ba.

Gargaɗi: jan garin nan kada ya haɗu da asid mai ƙarfi irin ruwan batir, yana fitar da iska mai kisa. Kada a auna da cokalin kicin, kada a bar shi inda yara suke.

Kuma ka daina jin kunyar kuskuren. Bruce Onobrakpeya, ɗaya daga cikin ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958, a 1967 asid ya cinye masa farantin da yake sassaƙa zane a kai. Garin cike ramukan da gam ya gano wata sabuwar hanyar buga zane da aka san shi da ita har yau. Marigayi Gani Odutokun, da ya koyar a sashenmu har rasuwarsa a 1995, tsinka fenti yake yi ya kwarara a kan kyalle ya bar shi ya bi hanyarsa. Abin da 'yan 1958 ɗin suka yi ta faɗa ke nan, a ɗauki dabarar waje a haɗa da abin gida, kai kuma ka faɗo ciki ba tare da an aike ka ba.

Yaron Panteka:

Yaya ni ban iya fenti ba amma ga tawa in za ta yi amfani. Gilashin walda nake ɗaure wa kyamara a gaba da robar kuɗi, mai lamba 10, a nan wurinmu ake sayarwa ba tsada. Yana tare haske sosai, sai idon kyamara ya iya zama a buɗe daƙiƙa 30 da rana tsaka. Na kafa ta a kan ƙafa uku a bakin kogi ta wajen lambun Gamji, kusa da tsohuwar gadar ƙafa ta Gwamna Lugga da aka ɗauko daga Zungeru. Ruwan ya fito sumul kamar an shimfiɗa madara, duwatsun kuma tsaf. Wani mai kamun kifi da ya wuce a kwalekwale ya zama inuwa kawai. Ka saita hoton ka ɗaure fokas kafin ka sa gilashin, don in ka sa ba ka ganin komai. Hoton kore shar yake fitowa, ni mayar da shi nake baƙi da fari. Ina ganin irin wannan zai yi daɗin bi da launi tunda fili ne fetal babu tarkace.

Da daddare kuma ba ka buƙatar gilashi. In an ɗauke wuta je wurin mai tsire, ba kyamara daƙiƙa 2 ko 3 lokacin da yake fifita garwashi, tartsatsin zai zana zare-zare ja a iska. Waya ma tana yi in tana da wurin saita lokaci da hannu, jingina ta da bulo kawai. Amma a yi sallama a nemi izini, kuma a kula da inda ake kafa ƙafa uku a garin nan mai bariki ta ko'ina. Ni an taɓa zaunar da ni a benci awa biyu ana bincika katin kyamarata saboda na tsaya ɗaukar fitilun motoci a inda bai kamata ba.

Mai Hoton Tudun Wada:

Jama'a na dawo, ku gafarce ni da shirun sati biyar, ina can ina niƙa ƙasa. Allah ya saka wa kowa da alheri.

Baba, na bi maganarku tiryan-tiryan. Ƙasar daga wani gini da ake haƙa wa tushe a Rigasa na ɗebo, leburorin suna ta kallona ina cika buhu kamar mai haɗa magani. Bokiti guda cur, abin da ya fito bai cika gwangwanin madara ba, amma laushinsa kamar hoda. Karon farko na cika zuma, da safe na tarar kiyashi sun yi sahu a kan gwajin sun cinye layi guda tas. Na rage. Gwajin taga kuma na yi shi da layi shida: zoɓo zalla, zoɓo da alif, kurkur, jar ƙasa, gawayi, bulu. Jiya na ɗaga kwalin. Kurkur babu shi, sai ka kanga da haske kake ganin wurin. Zoɓo zalla ya mutu, mai alif yana numfashi sama-sama. Sauran ukun ko layin da ya raba rufaffe da buɗaɗɗe ba ka gani. Na liƙa takardar a bangon shago, duk wanda ya ce min in yi masa da zoɓo sai na nuna masa.

Malama 'Yar Samaru, garin nan biyu sai da aka sayo min daga Kano, a nan na samu ɗaya ban samu ɗaya ba. Takarda huɗu na farko duk sun wanke fari fat, ashe tsoro nake ji ina cirewa da wuri, da na ga ya yi toka sai in ce ya ƙone. Na biyar na daure na ba shi minti 14, da yake akwai ɗan hazo. Da na tsoma a baho matar nan mai rediyo ta taso a shuɗi, sai da na kira yaron shagona ya zo ya gani, shi kuma ya kira mai shayin ƙofarmu. Bagaruwa ce ban iya ba tukuna. Ta ba ni launin da kika ce, amma ta rina farin takardar ma, fararen kaya sun koma kamar an jiƙa su a shayi.

Hoton Hajiya na kai mata shekaranjiya. Fotokwafi ne a kwalin da na ɗaure a katako, bai motsa ba ko kaɗan. Wannan karon kafin na fara sai da na je na zauna na tambaye ta launin kayan. Ashe zanin ma ba ja ba ne, shuɗi ne mai duhu na rinin baba, kunya ce ta hana ta faɗa min wancan karon. Na yi shi da bulu da ɗan gawayi. Jar ƙasar ta tafi bango da daɓen ƙasa. Ban karɓi ko sisi ba, ta kuwa aiko min da kwanon dambun nama.

Ɗan Kasuwar Barci, lissafinka daidai ne, dare uku ba ya fita a 15,000. Mutum biyu sun gani a wurinta sun zo, na faɗa musu kuɗin da ya fi haka, ɗaya ta tafi, ɗaya ta bar hoton mahaifinta. Yaron Panteka, ajiye min gilashi ɗaya, zan shigo ran Litinin.

Saura hula. Ta ce ruwan ƙwai ce, ni kuma ba ni da rawayar da za ta jure taga, don haka na bar ta fara na ce mata zan dawo. Baba, ina ake samun ƙasa rawaya a kusa?

Tsohon Kakuri:

Madalla ɗana. Akan dace da ita a gaɓar rafi inda ruwa ya zaftare ƙasa, za ka ga wani jirwaye rawaya a ƙarƙashin jan. Amma kada ka tsaya yawon nema azumi ya riske ka. Je wurin masu kayan gini ka ce a auna maka garin kalar da ake zuba wa siminti na daɓe, akwai ja akwai rawaya, shi ma tsatsar ƙarfe ce. Tace shi kamar yadda ka tace ƙasar, don wani ana haɗa shi da yashi. Kada ka kai shi kusa da wuta garin shanya, zafi yana mayar da rawayar ja. In ya yi maka duhu ka sassauta da farar ƙasa kaɗan. Shi ma ja masa layi a taga, ko na sati biyu ne, kafin ya hau kan hular bawan Allah.

'Yar Samaru:

Bagaruwar ta yi ƙarfi ne Malam. Tsinka ta da ruwa har ta zama kamar shayin da aka yi wa rowar ganye, ka bar ta ta huce sarai, kuma ka kifa hoton fuska ƙasa don kada gari ya kwanta a kai. Ka bar hoton ya kwana biyu da wankewa kafin ka kai shi ga kanwa. In ka sake gwadawa ɗora mana na matar mai rediyo mu gani, shuɗin da na bagaruwar gefe da gefe.